Amsa ga Hajiyar da za ta zo Gwanzo: yadda ake cefane a manyan kantunan Caina

Hajiya barka da warhaka, na ga tambayarki tun shekaranjiya aiki ne ya sha kaina, a yi min afuwa. Kin ce za ki zo Gwanzo, wato birnin Guangzhou na kudancin Caina, karon farko sarin kayan kicin da mayafai, za ki yi kamar sati uku, kin kama masauki mai kicin saboda cikinki ba ya karɓar abincin waje, shine kike tambaya ko mutum zai iya shiga manyan kantunan nasu ya yi cefane hankalinsa kwance, da yadda ake gane halal, da yadda ake biyan kuɗi. To ni dai karatu ne ya kawo ni ƙasar nan, ɓangaren kimiyyar abinci na karanta, daga baya na zauna ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta da haɗa kaya, kuma na raka mutanenmu cefane ba adadi, don haka abin da zan faɗa miki abin da na gani ne da idona.

A taƙaice eh, za ki iya, kuma za ki ji daɗin wurin wallahi, akwai tsafta akwai araha akwai kaya kala-kala. Amma abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga gida: a kantin Caina ido ba mudu ba ne. Abin da ya yi kama da namu sau da yawa ba shi ba ne, lambar da kika gani a jikin kaya ba abin da kika saba take nufi ba, kuma duk wanda na ga ya sha wahala a wurin nan to idonsa ya bi, bai tsaya ya duba rubutu ba. Rubutun kuwa ba sai kin iya yaren ba, 'yan alamomi ne kaɗan, ki ɗauki hotonsu a waya ki dinga gwadawa.

Su suna kiran irin wannan kanti chaoshi. Akwai Walmart wanda ya shigo ƙasar tun 1996 ta garin Shenzhen, akwai RT-Mart, akwai Yonghui, akwai Vanguard, akwai Aeon na 'yan Japan, sai Hema wanda kamfanin Alibaba ya fara buɗewa a Shanghai a 2016, shi za ki gane shi da hoton kan dorina a jikin allo mai ruwan bula. Idan wata tsohuwar zuwa ta ce miki ki nemi Carrefour to labarin ya canja, sun sayar da mafi yawan hannun jarinsu na nan a 2019 kuma kusan duk rassan sun rufe. Sam's Club kuma kar ki wahalar da kanki, sai da katin zama mamba na shekara ake sayayya, yuwan 260, kuma komai a manyan ƙunshi suke sayarwa, ba na mai sati uku ba ne. Yawanci kantunan a ƙarƙashin ƙasa suke ko a hawa na biyu na wani katafaren gini, za ki ga matakala mai tafiya da kanta amma shimfiɗaɗɗiya ba mai hawa-hawa ba, ki tura keken zuba kayanki a kai kawai, tayoyin suna maƙalewa da kansu ba zai gangaro miki ba.

A bakin ƙofa wasu wuraren akwai loka ta ajiye jaka, ki danna maɓalli ƙofa ɗaya ta buɗe ta fito miki da 'yar takarda, wannan takardar ita ce mukullinki, in ta ɓata sai an nemo ma'aikaci an yi ta bayani. Fasfo da kuɗi kam kar su shiga loka, su zauna a jikinki.

To mu fara da sikeli don shi ne ke fara rikita mutanenmu. Farashin kayan miya da 'ya'yan itace da kifi da ƙwai yawanci ba na kilo ba ne, na jin ne, ana rubuta shi 斤, kuma jin ɗaya giram 500 ne wato rabin kilo. Kin ga tumatir an rubuta 3.98 kin ɗauka kilo ne, kika auna kilo biyu kika ga kusan yuwan 16, sai ki ce an cuce ki, alhali babu wanda ya cuce ki. Ki duba ƙasan lambar, in kin ga 500g ko wannan alamar to ki ninka biyu. Sannan a mafi yawan kantunan ba a wurin biya ake awo ba, akwai tebur na musamman a cikin ɓangaren kayan lambu, ki zuba kowane kaya a ledarsa daban, ki kai wa mai sikelin ta auna ta manna sitika ta ɗaure bakin ledar. In kika manta kika je wurin biya da albasa babu sitika za a mayar da ke baya ne, ga layi a bayanki. Kuma a wurin sikelin nan ki matsa gaba ki ɗora kayanki, tsofaffin matan nan ba sa jira, ba wai raini ba ne haka suke yi wa junansu ma. Ƙwai ma aunawa ake yi in ba wanda aka riga aka jera a kwali ba. Ki kula a wajen ƙwai, akwai na agwagwa mai gishiri, akwai kuma wani da aka jiƙa ya koma baƙi kamar kwalli a ciki, duka ba na soyawa ba ne, ki ɗauki na kaza 鸡蛋.

Ragi ma a juye yake. In kin ga 8折 ba wai an rage kashi 8 ko 80 ba ne, ana nufin ki biya kashi 80 cikin ɗari na kuɗin, 5折 rabin kuɗi kenan, wato duk yadda lambar ta yi ƙasa ragin ya fi yawa. Wani lokacin kuma farashi biyu ne a takarda ɗaya, mai arahar na masu rajista ne, mai karɓar kuɗi za ta tambaye ki lambar waya, in ba ki da ita ki girgiza kai kawai ta wuce. Babu ciniki a nan Hajiya, ki ajiye wannan ƙwarewar sai kin shiga kasuwar sari.

Sai maganar kwanan wata, wannan ya sa mutane da yawa sun zubar da kaya masu kyau ko sun kira ni a waya rai a ɓace wai an sayar musu da abin da ya lalace. A gida mun saba ranar da aka buga a jikin gwangwani ita ce ranar ƙarewa. A nan kuwa ranar da kika fi gani ita ce ranar da aka yi kayan, 生产日期, kuma da shekara suke farawa sai wata sai rana, misali 20250312 wato 12 ga Maris 2025. Sai ki nemi 保质期 a bayan kwalin, shi ne tsawon lokacin da kayan zai kai, in kin ga 天 kwana ne, in kin ga 月 wata ne, sai ki yi lissafi da kanki. Madara ta firij kwana bakwai ko makamancin haka, ta kwali wadda ba ta firij ba wata shida. Kayan da aka shigo da su daga waje su kuma suna iya zuwa da ranar ƙarewa irin wadda kika sani, sai an lura.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu sosai, maganar halal. Alamar ita ce 清真, suna furta ta kamar cing-jan, yawanci da koren launi. Da can za ki gan ta tare da rubutun Larabci, amma 'yan shekarun nan an cire Larabci a allunan wurare da yawa, don haka kar ki tsaya neman Larabci, ki haddace waɗannan haruffa biyun. Alade kuma 猪 ne. Amma abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne, a yarensu in aka rubuta nama kawai, 肉, ba a faɗi na wace dabba ba, to alade ake nufi. Naman sa sai an sa 牛 a gaba, na rago ko akuya 羊, kaza 鸡. Don haka burodi ko fanke ko wani abu mai ƙunshi da aka ce na nama ne kawai, ki ajiye shi.

Ni kaina abin ya taɓa faruwa da ni a watannina na farko, kuma har yau in na tuna raina ba ya min daɗi. Na shiga wani kanti na ga burodi an barbaɗa masa wani abu a kai sak dambun nama, launin da laushin duka, na yi murna na saya na ci har sau biyu, sai wani ɗan ajinmu Musulmi ɗan ƙabilar Hui ya gan shi a hannuna ya karɓe ya nuna min rubutun, 肉松, dambun naman alade ne. Na yi istigfari, na san Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, amma daga ranar na ɗauki alkawari ba na sa komai a baki sai na juya bayansa, kuma shi ya sa nake tsawaita bayani a nan. Wannan dambun yana ko'ina a ɓangaren burodi da kek, yara suna son shi sosai.

A bayan kowane ƙunshi akwai wurin da aka jera abin da aka haɗa, yana farawa da 配料, kuma doka ta sa a jera su daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. A nan za ki nemi 猪 ko a ina ya fito, musamman 猪油 wato kitsen alade, don yana shiga biskit da kek na gargajiya da ƙunshin man da ke cikin taliyar nan mai kama da indomi, ko da kuwa hoton saniya ne a jikin kwalin. Eh, taliya mai ɗanɗanon naman sa tana iya zuwa da kitsen alade a 'yar ledar mai. Haka ƙwallayen naman nan na firiza da ake cewa na sa ne ko na kifi, masu arahar sau da yawa an cakuɗa su da alade don su yi laushi. Sai 明胶 wato jelatin, yana cikin alawa mai danƙo da yogot da yawa, kuma ba sa faɗin daga wace dabba aka samo shi, in babu alamar halal ni bari nake yi. Sai 酒, giya kenan. Ki kula da ita a wuri uku: akwai giyar girki da ake jerawa kusa da ruwan tsami da miyar waken suya, kwalbar kamar ta kayan ɗanɗano, akwai farar giyarsu mai kama da ruwa garau, akwai kuma wasu gwangwanaye masu hoton lemo da inabi da fenti mai kyau, sai ki rantse lemon kwalba ne. In kin ga alamar kashi cikin ɗari da vol a gefe to giya ce. Manhajar fassara ta kyamara tana taimakawa sosai a nan, WeChat ma, manhajar da suke hira da biyan kuɗi da ita, yana da wurin da za ki haska rubutu ya fassara miki, amma ki tabbatar kin gwada ta tun kafin ki shiga don wasu manhajojin da muka saba da su a gida ba sa aiki da layin nan.

Ɗanyen nama kuwa shawarata kai tsaye, kar ki saya a teburin mahautan babban kanti. Ba maganar alade kaɗai ba ce, duk da shi ne ya cinye fiye da rabin teburin kuma wuƙa da katako da injin niƙa ba lallai a raba ba. Maganar yanka ce. Kaza kaza ce amma wa ya yanka ta, da sunan wa? Mutanenmu da yawa suna cewa ai kaza ce ba komai, ni dai ban yarda da wannan sassaucin ba tunda ga halal ɗin nan a kusa ba wahalar samu. A unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi yawa, layin jirgin ƙasa na 5 yana tsayawa a nan, akwai mahauta Musulmi 'yan Hui da 'yan arewa maso yammacin ƙasar, haka ma kewayen masallacin Huaisheng a titin Guangta, wanda yana cikin tsofaffin masallatan ƙasar gaba ɗaya. Ranar Juma'a kuma in kin je masallacin da ake danganta kabarin da ke cikinsa ga Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kusa da lambun Yuexiu, za ki haɗu da 'yan uwa daga ko'ina su nuna miki inda suke saye. Abin da za ki iya ɗauka a babban kanti shi ne naman firiza da ya zo a rufe daga kamfani da alamar 清真 a jiki, irin naman ragon da ake kawowa daga yankunan Mongoliya ta Gida ko Ningxia na arewacin ƙasar, yankakke siriri a naɗe, yana da kyau kuma minti kaɗan ya dahu.

Kifi shi ne hutunki. Ɓangaren kifi a kantunan Gwanzo abin kallo ne, tankuna ne jere da ruwa yana ɓulɓula, kifi da rai, jatan lande, ƙaguwa, har da kwaɗi da kunkuru a wasu wuraren, kar abin ya tayar miki da hankali ki wuce su kawai. Mutanen lardin nan ba sa ganin ƙimar kifin da ya riga ya mutu, shi ya sa mai rai ya fi tsada. Ki nuna wanda kike so, a kamo shi da raga a auna, sannan su kankare su fasa ciki su wanke ba tare da ƙarin kuɗi ba, in kina son gunduwa-gunduwa ki yi musu alamar sara da hannu. Karfasa tana nan da araha, sunanta 罗非鱼, kuma sunan ma daga kogin Nilu da Afirka aka haɗo shi don asalinta tamu ce, yanzu kudancin Caina ne ke kan gaba wajen kiwonta a duniya. Ki sani nauyin da aka auna na kafin gyara ne, abin da zai zo hannunki zai ragu.

Shinkafa ma sai an zaɓa. Wadda suka fi ji da ita ita ce ta arewa maso gabas, gajera mai ƙiba, tana dahuwa ta manne, in kika yi dafa-duka da ita za ta caɓe miki, amma fa a tuwon shinkafa ba ta da na biyu, ko tuƙi ba ta buƙata sosai. Don shinkafa da miya ko dafa-duka ki nemi 丝苗米, doguwa siririya ta lardin nan, ko ta Tailan mai ƙamshi, ki rage ruwa fiye da yadda kika saba don ba turararriya ba ce irin tamu. Akwai ɓangaren da ake zuba hatsi a manyan akwatuna ki ɗiba da kanki, nan za ki ga abin da suke kira 小米, ƙananan ƙwayoyi rawaya, dangin gero ne amma ba geronmu ba, ba zai yi miki fura yadda kike so ba sai dai yana yin kunu mai daɗi. Akwai dawa, akwai garin masara, akwai farin wake mai baƙin ido 眉豆 wanda zai yi miki ƙosai ko alala in masaukin da injin markaɗe, akwai gyaɗa ɗanya, akwai riɗi. Riɗin nan ma in kin bi salsala wani daga wajenmu ya taso, don Nijar da Sudan suna cikin manyan masu sayar wa Caina riɗi.

A kayan miya za ki samu tumatir, albasa, citta, tafarnuwa mai arha kamar banza, kuɓewa ɗanya 秋葵, alayyahu har da mai jan ganye, kabeji, karas, dankalin Hausa da na Turawa, gwaza. Abin da ba za ki samu ba shi ne attaruhu mai ƙamshin nan namu. Ɗan ƙaramin jan barkononsu yana da yaji sosai amma babu ƙamshi, wanda ya fi kusa da namu shi ne rawayan barkonon tsibirin Hainan da ake sayarwa niƙaƙƙe a kwalba, dangin attaruhu ne na gaske. Akwai wani ɗan jan ƙwaya da suke kira 花椒, in kika tauna harshenki zai yi zir kamar ya mutu, ɗan uwan fasaƙwari ne, kar ki ɗauka masoro ne ki zuba da yawa. Doguwar saiwar nan mai gashi-gashi da manhaja za ta fassara miki da doya, ba doyar sakwara ba ce, tana da yauƙi kuma ɓawonta yana sa ƙaiƙayin hannu. Haka jan abin nan busasshe da za a fassara miki da dabino, 红枣, ba dabino ba ne, babbar magarya ce, tana da daɗi a shayi amma in dabinon buɗa-baki kike nema sunansa 椰枣 kuma kin fi samunsa a shagunan Xiaobei. Zoɓo kuwa yana nan, a ɓangaren ganyen shayi, 洛神花. Tumatirin gwangwani ki kula, kwalbar da aka fi jerawa mai zaƙi ce ta dangwala dankali, ba ta miya ba, abin mamaki kuma da yawa daga cikin tumatirin gwangwanin da muke ci a gida daga yankin Xinjiang na ƙasar nan ake kai markaɗensa, amma su a girkinsu ɗanye suka fi amfani da shi.

Man gyaɗa akwai mai kyau ƙwarai, Luhua na lardin Shandong shi na fi saye, ƙamshinsa kamar na ƙuli. Manja babu, daddawa babu, kuka babu, busasshiyar kuɓewa da yajin ƙuli babu, dunƙulen magi irin namu ma sai a shagunan 'yan Afirka da tsada. Waɗannan ki taho da kayanki a niƙe a ɗaure da kyau. Amma kilishi da dambu da man shanu kar ki sako, kwastan ɗinsu ba sa barin nama da kayan madara su shigo, za a karɓe a filin jirgi.

Madara manyan kamfanoni biyu ne suka cika kanta, Yili da Mengniu, duka daga Hohhot, babban birnin Mongoliya ta Gida. Ki nemi 纯牛奶 ita ce zalla ba sukari, sauran da yawa abin sha ne mai ɗanɗanon madara. Tun abin da ya faru a 2008, lokacin da aka samu sinadarin melamin a madarar jarirai yara kusan 300,000 suka kamu shida suka rasu, iyaye a nan ba sa wasa da madara, za ki ga ta jarirai an sa mata tsaro na daban, kuma an tsaurara doka sosai. Yanzu dokar abinci ta ba mai saye damar neman ninki goma na kuɗinsa in an sayar masa da abincin da bai cika ƙa'ida ba, akwai kuma layin kai ƙara 12315, shi ya sa nake cewa ki riƙe rasit ɗinki. Ruwan famfo ba a sha sai an tafasa, ki sayi babbar gora ta lita huɗu ko biyar ta fi araha.

Wajen biya, kusan kowa da waya yake biya, Alipay ko WeChat Pay, ki buɗe lambar QR ɗinki su haska shikenan. Tun 2023 an ba baƙi damar haɗa katin Visa ko Mastercard na waje da manhajojin, in sayayyar ba ta wuce yuwan 200 ba babu caji, in ta wuce ana cire kashi 3 cikin ɗari. Ki haɗa tun kina gida, ki kuma tambayi bankinki ko katin yana aiki a waje da iyakar abin da zai iya cirewa, katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. Miƙa katin waje kai tsaye a injin kanti kam sau da yawa ba ya karɓa. Tsabar kuɗi har yanzu halas ne, babban bankinsu ya hana a ƙi karɓa, sai dai ki bi layin da mutum ke zaune ba injin da ake biya da kai ba, kuma ki riƙe ƙananan kuɗi don canjin ɗari yana iya ɗaukar lokaci. A Hema sun fi son a biya ta manhajarsu, amma akwai teburin tsaba in kin tambaya. Leda ba kyauta ba ce tun 2008, za a tambaye ki ko kina so, kuɗin kaɗan ne amma ledar ba ta da ƙwari, ki zo da jakarki.

Lokacin zuwa, ki guji sassafe don tsofaffi ne ke cika wurin suna rububin ƙwai da ganyen da aka yi wa ragi, ki guji yammacin Asabar da Lahadi. Tsakanin azahar da la'asar wurin shiru. Bayan ƙarfe takwas na dare kuma ana karya farashin kayan lambu da 'ya'yan itace da burodi, yawanci suna rufewa wajen goma. Za ki ji hayaniya, mata masu talla da lasifika a baki, wasu su miƙo miki ɗanɗano a tsinke, in ba 'ya'yan itace ba ne ki ɗaga hannu ki ce bu yao, shiye shiye, wato ba na so na gode. Za a kalle ki, musamman da hijabi, wata tsohuwa ma tana iya leƙa kwandonki ta ga me baƙuwa ke ci, a Gwanzo abin da sauƙi don sun saba da mu, yawanci son sani ne kawai, in wani ya ɗaga waya zai ɗauke ki hoto ba ki so ki nuna masa a fili, suna ganewa.

Tunda kayan kicin kika zo sari, ga wata fa'ida da nake ba duk wanda na raka: ki zaga ɓangaren tukwane da kofuna da filas na babban kanti kafin ki shiga kasuwar sari. Nan za ki ga kayan da su 'yan ƙasar suke saya wa gidajensu, ki ɗaga tukunya ki ji nauyinta, ki duba ko an buga 304 a gindinta wato ƙarfen da ba ya tsatsa mai kyau na abinci, ki rubuta farashin ɗai-ɗai. In kin je wurin dila ya kawo miki mai shafal-shafal ya ce lamba ɗaya ce, hannunki ya riga ya san bambanci, kuma kin san farashin sari dole ya sauka ƙasa da wanda kika gani. Kayan wuta irin tukunyar shinkafa da butar lantarki wutarsu 220 ce kusan daidai da tamu, bakin fulogin ne kawai daban sai an sa adafta.

Ranar da kika sauka kar ki yi babban cefane, ki sayi ruwa da ƙwai da shinkafa ƙaramin buhu da kayan miya na kwana biyu, firij ɗin masaukai ƙanana ne. In kin tsaya gaban wani kaya kin rasa gane rubutun, ki ɗauki hoton bayan kwalin inda aka jera kayan haɗin, ba gaban ba, ki turo a nan zan duba miki in sha Allah. Allah ya kawo ki lafiya ya sa a yi kasuwa mai albarka.